Sankarar nono mai bin dangi: ƙwayar kariya da wadda ta dace da ita

Idan kaka ta yi, manomin Adar ba ya zuba hatsinsa duka cikin rumbu. Yakan bi gona ya zaɓi zangarniya masu kyau, ya ɗaure su daban. Waɗannan su ne iri. Ya san abin da ke cikin iri shi ne zai fito a gona baɗi. Iri mai saurin nuna yana ba da mai saurin nuna. Iri mai rauni yana ba da mai rauni.

Ɗan Adam ma yana ɗaukar abubuwa daga uwa da uba. Yana gadon tsawo, da launin fata, da murya. Wani lokaci kuma yana gadon rauni wanda ido ba ya gani. Mun san amosanin jini yana bin dangi. To, akwai wata sankarar nono da ita ma take bin dangi. A wasu ƙasashe likitoci suna ba matan irin wannan dangi wata ƙwaya tun suna da lafiya, domin a rage musu haɗari. Labarin wannan ƙwaya muka kawo wa masu karatunmu na Bambeye, da Tawa, da sauran garuruwan Adar.

Ciwon da ake ɓoyewa

Sankarar nono ita ce wasu ke kira ciwon daji, wasu kuma kansa. Tana farawa ne idan wani ɗan sashe na naman nono ya shiga girma ba tsayawa. Da fari ƙulli ne ƙarami, mai tauri, kuma sau da yawa ba ya zafi. Rashin zafin nan shi ke ruɗin mata. Sai mace ta ce ba komi, ta ci gaba da daka da ɗibar ruwa, har abin ya kai hammata.

Tun shekarar 1992 ake rubuta masu sankara cikin wani babban kundi a jami'ar Yamai. Kundin ya nuna cewa a cikin matan Nijar, sankarar nono ita ce kan gaba. Likitocin ƙasarmu kuma sun daɗe suna kuka da abu guda: mata suna zuwa a makare, bayan nono ya fashe.

Ba a ɗaukar wannan ciwo ta hanyar cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya. Ba sammu ba ne, ba aikin kishiya ba ne. Akwai masu cewa daji ba ya son ƙarfe, wai idan aka yi masa allura ko aka sa wuƙa sai ya bazu. Wannan magana ta sa an rasa mata da yawa. Abin da ke faruwa shi ne, ana kai mace likita bayan ciwon ya riga ya bazu. Idan ta rasu sai a ɗora wa wuƙa laifi.

Gidan da ciwon ke komawa

A shekarar 1866 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya rubuta labarin dangin matarsa. Ya bi su tun daga kakanni, ya ga sankarar nono ta kashe mata 10 cikin 24 a dangi guda. Ya gane cewa abin ba haka kawai ba ne, amma bai san dalili ba.

An yi fiye da shekara ɗari kafin a gano dalilin. A shekarar 1990 wata mai bincike a Amurka, Mary-Claire King, ta nuna wurin da raunin yake cikin ƙwayoyin halittar mutum. Ƙwayoyin halitta su ne irin da muke gada daga iyaye. An kammala gano ta farko a 1994, aka sa mata suna BRCA1. An gano ta biyu a 1995 a Ingila, aka sa mata BRCA2.

Kowa yana da waɗannan ƙwayoyi, namiji da mace. Aikinsu gyara ne. Kamar mai gida ne da ke zagaya rumbu yana yaɓe tsaga kafin ruwa ya shiga. Idan wani wuri ya lalace cikin naman jiki, su ke gyara shi. Amma a wasu dangi, ɗaya daga cikinsu tana zuwa da rauni tun haihuwa. Sai gyara ya yi ƙaranci, sankara ta samu ƙofa.

Ga abin da ya kamata a riƙe da kyau. Idan uwa ko uba yana ɗauke da raunin, kowane ɗa da suka haifa yana tsakanin biyu: ko ya gada, ko bai gada ba, rabi da rabi. Ƴaƴa mata huɗu na ciki ɗaya, wata na iya gada, wata ta tsira. Kuma raunin yana biyowa ta wajen uba kamar yadda yake biyowa ta wajen uwa. Namiji na iya ɗauke da shi har tsufa bai sani ba, ya ba ɗiyarsa. Saboda haka ciwon gwaggo, ƴar'uwar uba, yana da nauyi daidai da ciwon inna, ƴar'uwar uwa.

Cikin mata 10 da suka gaji raunin, kusan 7 za su kamu da sankarar nono idan suka kai shekara 80. Sau da yawa tana kama su da wuri, tun suna cikin haihuwa. Tana iya kama nono biyu. Raunin yana kuma jawo sankarar ƙwan mace, wato wurin da ƙwan haihuwa ke fitowa, musamman ga masu BRCA1.

Kada hankali ya tashi fiye da kima. Yawancin sankarar nono ba ta gado ba ce. A ƙasashen Turawa, wajen 5 zuwa 10 ne cikin 100 na gado. Sai dai a yankinmu adadin ya ɗan fi haka. Wata likita haifaffiyar Najeriya, Olufunmilayo Olopade, da abokan aikinta sun auna mata 1,136 masu sankarar nono a Ibadan. Sun fitar da sakamako a 2018. Cikin kowace 100, mata 7 suna da raunin BRCA1, mata 4 kuma suna da na BRCA2. Ibadan ba Adar ba ce, amma ta fi Turai kusa da mu.

A nan muna da magana da iyaye maza da masu neman aure. Idan aka ji ciwon ya taɓa wani gida sau biyu, kada a ce za a guji ƴan matan gidan. Kada miji ya saki matarsa don uwarta ta yi ciwon. Rabin ƴaƴan ba su gaji komi ba. Waɗanda suka gada kuma ba su suka zaɓa ba. Idan gori ya yi yawa, dangi za su rufe baki, kuma rufe bakin nan shi ya fi komi taimakon ciwon.

Shan magani ba a kwance ba

Wani zai ce, yaya mai lafiya zai sha magani? Ai mun saba da haka. Kowace damina ma'aikatan lafiya suna bin gida gida, suna ba ƙananan yara ƙwayar kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Yaran lafiyarsu lau. Ana ba su ne don an san haɗari yana tafe. Manomi ma yakan cuɗa iri da garin magani kafin shuka, tun ƙwari ba su zo ba.

Ƙwayar da muke magana sunanta tamoksifen. An haɗa ta a Ingila a shekarar 1962. Masu haɗa ta sun yi nufin maganin hana ɗaukar ciki ne, amma ba ta yi wannan aiki ba. Daga baya aka ga tana danne sankarar nono. A 1973 Ingila ta yarda a riƙa ba masu ciwon. Har yau tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba ta cikin masu tsada sosai.

Yaya take aiki? A jikin mace akwai wani sinadari mai suna estirojin. Shi ke sa nonon budurwa ya fito, yana kuma cikin masu tafiyar da al'adar wata. Sankarar nono iri iri ce, kuma mafi yawa a duniya da wannan sinadari take girma, kamar yadda haki ke girma da ruwa. Mai garkar albasa ya san yadda ake toshe bakin fangali da ƙasa, ruwa ya wuce bai shiga ba. Haka tamoksifen take yi. Tana toshe ƙofar da estirojin ke bi ya shiga naman nono.

Da aka ga tana taimakon marasa lafiya, sai aka yi tambaya: ko za ta kare masu lafiya? A 1992 aka fara wani babban gwaji a Amurka da Kanada, da mata 13,388 waɗanda haɗarinsu ya fi na sauran mata. Aka raba su biyu. Rabi suna shan tamoksifen, rabi suna shan ƙwaya mai kama da ita wadda ba magani a ciki. A 1998 aka ƙirga. Cikin waɗanda ba su sha maganin ba, 175 sun kamu. Cikin waɗanda suka sha, 89 ne suka kamu. Kusan rabi ke nan aka rage.

An yi wani gwajin a Ingila da wasu ƙasashe, da mata 7,154. Sun sha ƙwayar shekara 5 suka daina, amma aka ci gaba da bin lafiyarsu. A 2015 aka nuna cewa kariyar ba ta tsaya ba da aka daina sha. Tana nan har wajen shekara 20 daga farawa. A wannan gwaji an rage kusan 3 cikin 10.

A sake duba lissafin nan: 89 sun sha, kuma sun kamu. Ƙwayar tana ragewa ne, ba ta hanawa gaba ɗaya.

Inda ƙwayar ke da gaɓa

Yanzu mu koma ga matan da suka gaji rauni. A nan labarin ya rabu biyu.

Sankarar da ke kama masu BRCA2, yawancinta mai girma da estirojin ce. Toshe ƙofa yana da amfani a kanta. Amma sankarar da ke kama masu BRCA1, yawancinta ba ta damu da estirojin ba. Kamar hakin da ba da ruwan fangali yake rayuwa ba, ko ka toshe zai fito.

A 2001 Mary-Claire King ta koma kan matan gwajin Amurka da suka kamu, ta auna jininsu. Ta samu 19 kawai masu raunin gado. A cikinsu, alama ta nuna ƙwayar ta taimaki masu BRCA2, ba ta taimaki masu BRCA1 ba. Mata 19 ba su da yawa, shi ya sa likitoci suke taka tsantsan da wannan sakamako. Amma ya yi daidai da abin da aka sani game da irin ciwon biyu.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Mun ga a Ibadan masu BRCA1 sun fi yawa. Wani bincike na 2009 kan mata 507 a Najeriya da Senegal ya samu wajen 1 cikin 4 ne kawai sankararsu ke girma da estirojin. Wasu binciken da suka biyo baya sun samu fiye da haka. Duk da haka, a ganinmu, macen Adar ba za ta ɗora dukan begenta kan ƙwaya ba. A ƙasashen da ke da hali ma, ana haɗa wa masu raunin gado da hoton nono kowace shekara. Wasu kuma, bayan sun gama haihuwa, sukan yarda a cire musu ƙwan mace ko nonon tun ciwo bai zo ba.

Abin da ƙwayar ke jawowa

Ba maganin da ba shi da nauyi. Tamoksifen takan sa mace ta ji zafi yana taso mata a jiki, da gumi cikin dare. Takan rikita al'ada, ta kawo farin ruwa ta gaba. Waɗannan da sauƙi.

Masu nauyin biyu ne. Na farko, tana iya sa jini ya daskare cikin jijiyar ƙafa ko ta huhu. Na biyu, tana ƙara haɗarin sankarar mahaifa, musamman ga wadda ta wuce shekara 50. Ba su cika faruwa ba, amma suna faruwa. Mai ciwo a kwance za ta ɗauki wannan haɗari don ta tsira da ranta. Mai lafiya kuwa sai an auna mata da kyau: wane ya fi nauyi, abin da ake gudu ko abin da maganin zai kawo?

Babbar magana a wurinmu ita ce haihuwa. Mai ciki ba ta shan tamoksifen, domin tana iya cutar da abin da ke cikin. Mai shayarwa ba ta sha. Mai neman ciki ba ta sha, kuma ko ta daina sai ta jira watanni kafin ta ɗauka. Ana shan ta kullum, har shekara 5, kuma yawanci daga shekara 35 zuwa sama ake ba da ita don kariya. To, a ƙauyukanmu mace mai shekara 35 sau da yawa ko tana da ciki, ko tana da goyo. Shekara 5 ba ciki ba goyo shawara ce babba. Ba ta mace ita kaɗai ba ce, sai an zauna da miji da likita.

Ga matan da al'ada ta ɗauke musu, akwai wata ƙwayar mai suna anastirozol. Gwaji ya nuna ita ma tana rage kusan rabi, kuma a 2023 Ingila ta ba ta izinin zama maganin kariya. Nata nauyin shi ne ciwon gaɓoɓi da raunin ƙashi. Ba ta aiki ga mace mai ganin al'ada.

Don haka muna jan kunne. Kada wata ta karanta wannan shafi ta aika kasuwa a sayo mata. Masu tallar magani a rana ba su san tarihin gidanki ba, ba su san ko kina da ƙaramin ciki ba. Likita ne kaɗai ke rubuta wannan magani, bayan ya yi tambayoyi ya auna.

Akwai kuma kariyar da matanmu suke yi tun kaka da kakanni ba su sani ba, ita ce shayarwa. A 2002 an haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, aka ga kowace shekara guda ta shayarwa tana rage haɗarin sankarar nono da wajen kashi 4 cikin 100. An ga amfaninta har ga masu raunin BRCA1. A ci gaba da ba yaro nono har yaye.

Hanyar likita

Awon jini na gano raunin gado yana da tsada, kuma ba a gidan likitan karkara ake yin sa ba. Wannan bai rufe hanya ba. A Ingila, tun 2013, tarihin dangi kaɗai yana isa a ba mace shawarar shan ƙwayar, ko ba a auna jininta ba. Tarihin dangi kuwa ba ya buƙatar inji.

Hanya tana farawa daga gidan likita mafi kusa. Ungozomar likita za ta duba nonon da hannu. Idan ta ga abin shakka, za ta ba da takarda zuwa Tawa, inda akwai babban asibitin jaha da cibiyar lafiyar uwa da yaro. Daga can, idan ya kama, a tura Yamai. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, wadda ta fara gashin ciwon da haske a shekarar 2021. Kafin lokacin, mai buƙatar wannan gashi sai ya fita waje. A 2007 gwamnati ta yi dokar ɗauke wa mata kuɗin jinyar sankarar nono da ta mahaifa. Sai a tambayi ma'aikatan likita abin da aka ɗauke da abin da za a biya. Kuɗin mota, da abinci, da mai jinya kuwa, a yi shirinsu tun daga gida.

Maza ƴan bida, ga naku. Da an gama girbi da yawanku kuna kama hanyar Abijan ko wata ƙasa, sai damina ta kusa. Ƙulli ba ya jiran dawowarku. Wata 6 a wurin sankara lokaci ne mai tsawo. Kafin ku tashi, ku faɗa a gaban iyayenku cewa idan mai ɗakinku ta ga wani abu a jikinta, ta tafi likita ba sai ta jira izini ba. Ku bar ɗan abin mota a hannun wanda kuka yarda da shi.

Aikin kaye da alƙalami

Ku da kuka koyi rubutu a makarantar yaƙi da jahilci, ga wurin da zai yi muku rana. Ki ɗauki kaye, ki buɗe shafi biyu. A kan na farko ki rubuta: dangin uwa. A kan na biyu: dangin uba. Sannan ki nemi tsofaffin gida a lokacin da ba jama'a. Maganar nono akwai kunya, sai a bi a hankali. Kina iya cewa: “Inna, Allah ya ba ki haƙuri, ina da tambaya. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, wane ciwo ne ajalinta?” Idan ta ce daji ne, ki tambaya a ina ya fito mata, kuma tana da ƴaƴa nawa a lokacin. Tsofaffi ba su cika riƙe shekaru ba, amma suna tuna ko tana goyo, ko ta aurar da ɗiya, ko shekarar wace yunwa ce. Da wannan likita zai iya kintata shekarunta.

Abin da likita zai so ya gani a takardar shi ne: ko mata biyu ko uku na ɓangare ɗaya sun yi ciwon, ko ya kama wata tun ba ta kai shekara 40 ko 50 ba, ko ya kama wata a nono biyu, ko wata ta rasu da kumburin ciki da aka ce sankarar ƙwan mace ce, ko wani namiji ya yi sankarar nono, domin maza ma suna yi, ko da yake ba su da yawa. Tsohuwa ɗaya da ta kamu bayan shekara 70 ba ta sa a ce ciwon na gado ne ba.

Ko kin samu suna a takardar, ko ba ki samu ba, ki riƙa duba nononki sau ɗaya a wata, bayan al'ada ta ɗauke. Ki shafa da tafin yatsu, ki kai har hammata. Abin da ake nema shi ne ƙulli mai tauri, ko fata ta koma kamar bawon lemo, ko kan nono ya shige ciki, ko jini yana fita. Yawancin ƙulli ba sankara ba ne, amma hannu ba ya bambancewa, sai likita. Mai shayarwa ma, idan ƙulli ya ƙi bajewa bayan mako biyu, ta kai a duba.

Idan kin gama rubutun, ki kwafe shi a wata takarda, ki ba ƴan'uwanki mata da ke aure a wasu garuruwa. Taki kuma ki naɗe ta cikin karnen likita, ki tafi da ita ranar awo, ki miƙa wa ungozoma tun kafin ta tambaya.